Idan Baƙin Mai Ya Bayyana a Lagireto: Yadda Ake Gano Kafar da Ya Bi

Mutum ya fito da sassafe, ya ɗaga bonet kafin ya tayar da mota, ya murɗe murfin lagireto domin ya duba ko ruwa ya ragu, sai ya tarar da wani abu mai kauri ya daskare a wuyan lagireton da ƙarƙashin murfin, launinsa kamar na kunun gyada da ya kwana. Idan ya dangwala yatsa ya murza sai ya ji santsi, idan ya sansana kuma sai ya ji warin baƙin mai. Daga nan ba a zame ko'ina ba sai gareji, kuma a yawancin garejojinmu, tun kafin mai motar ya kai aya bakanike ya riga ya yanke hukunci: "Alhaji, ai tof gasket ne ya ƙone, sai an sauke kan inji." Wani lokaci hukuncin yakan yi daidai. Amma sau da yawa akan sauke kan inji, a saye sabon gasket, a biya kuɗin aiki mai nauyi, bayan mako biyu man ya sake tasowa a lagireto kamar ba a taɓa komai ba, domin tun farko kafar da yake bi tana wani wuri daban. Abin da nake son mai mota da bakanike su yarda da shi shi ne, ganin mai a cikin ruwa alama ce kawai ta cewa wata katanga ta ɓule a cikin inji, kuma katangun nan sun kai huɗu, saboda haka akwai bincike da ya wajaba a yi kafin a ɗora sifana a kan notin farko.

A cikin inji, baƙin mai yana da hanyoyinsa, ruwan sanyaya yana da nasa, wutar da ke tashi a cikin silinda ita ma tana da ɗakinta, kuma an ƙera injin ne yadda ukun nan za su yi maƙwabtaka ba tare da sun gauraya ba. A mota mai giyar atomatik akwai na huɗu, wato man giya, wanda a motoci da yawa ake turo shi ta bututu ya ratsa cikin tankin lagireto ya huce sannan ya koma. Wuraren da waɗannan ke kusantar juna har ya zama siririn ƙarfe ko roba kaɗai ya raba su sanannu ne. Akwai tof gasket, wato siririyar shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da bulok, gangar jikin injin. Akwai na'urar sanyaya baƙin mai da kanikawa ke kira oyil kula, a injin da ke da ita. Akwai bututun man giya da ke cikin lagireto. Sai kuma jikin ƙarfen kansa, na kai ko na bulok, idan ya tsage.

Mabuɗin fahimtar lamarin yana wajen ƙarfin matsi, domin kowane ruwa yana gudu ne daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙasa. Idan ana tafiya, famfon mai yakan tura baƙin mai da ƙarfin da ya kai bar 3 zuwa 5 (bar ma'aunin matsi ne) a yawancin ƙananan motoci. Shi kuwa ɓangaren ruwa, murfin lagireto ne ke iyakance matsinsa, kuma wanda ya duba saman murfin motocin Japan zai ga an buga 0.9 ko 1.1, na Turai kuma kan kai wajen 1.4. Ke nan matuƙar ana tafiya, mai ya fi ruwa ƙarfi, kuma idan akwai kafa tsakaninsu man ne zai kutsa cikin ruwa. Da zarar an kashe mota sai al'amarin ya juya: matsin mai yakan faɗi nan take, na ruwa kuwa yakan daɗe bai sauka ba saboda zafi, don haka a wannan ɗan lokacin ruwa ke samun damar sulalewa cikin mai. Wutar silinda ta fi su duka nesa ba kusa ba, domin matsinta kan haura bar 50 a injin fetur da ke jan kaya, na dizal kuma ya wuce 100. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma a ransa zai iya karanta alamomi da yawa tun kafin ya taɓa komai.

Ga abin da wannan ke nufi game da gasket. Yawancin ramukan mai da ke jikin tof gasket na komawar mai ne, wato inda man da ya gama shafe kayan saman inji yake gangarawa ƙasa da nauyinsa, ba tare da wani matsi ba. Rami ɗaya ko biyu ne kawai ke ɗauke da mai mai ƙarfi zuwa sama. Shi ya sa gasket idan ya lalace ya fi bayyana kansa ta hanyar iskar wuta da ke shiga ruwa, ko ruwa da ke shiga silinda, ko ruwa da ke gangarawa cikin mai. Idan kuwa aka ga mai mai yawa a lagireto, amma mota tana tashi lafiya, ba ta girgiza, ba ta farin hayaƙi, man da ke kan sandar awo kuma tsaf yake sai dai yana raguwa, to zargi ya fi ƙarfi a kan oyil kula, domin a cikinta ne dukkan man injin ke wucewa da cikakken ƙarfinsa dab da ruwa.

Kafin a kai ga wannan ma, tambayar farko ita ce ko abin da aka gani mai ne da gaske. Tsatsa da ta taru shekara da shekaru, da ragowar magungunan toshe yoyo da ake zubawa a lagireto, da cakuɗa ruwan sanyaya iri biyu da ba su jituwa, duk suna iya yin dalala mai launin ƙasa da ke kama da mai a ido. Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. A bar inji ya huce sarai, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsin bar 1 yana iya kai digiri 120 bai tafasa ba, kuma buɗe murfi a wannan hali ya ƙona fuskoki da hannaye da yawa. Sai a ɗebi kaɗan a zuba a farar gorar roba, a ajiye ta kwana. Mai zai taso sama ya yi layinsa daban, tsatsa da laka kuwa za su kwanta a ƙasa. A wannan layin na sama ne kuma ake gane irin man: baƙin mai yakan ba da launin ƙasa ko baƙi-baƙi, man giyar atomatik, wanda galibi ja ne, yakan mayar da ruwan ruwan hoda kamar an dama nono da zoɓo.

Tambaya ta biyu ta tarihin motar ce, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Ya kamata a tambayi wanda ya ƙara mata mai ko ruwa na ƙarshe, domin yaron gareji da bai ƙware ba yana iya tuttula mai a robar ajiyar ruwa, musamman a motocin da murafensu suka yi kama da juna. Ya kamata kuma a san ko an taɓa canza mata gasket ko inji gaba ɗaya. A kasuwarmu ta motocin hannu abu ne da aka saba a sauke injin da ya buga a ɗora wani, a bar tsohon lagireto da tiyo-tiyonsa da ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod, dukkansu cike da ragowar man tsohuwar cuta. Irin wannan man yakan yi ta tasowa kaɗan-kaɗan, sabon mai motar ya ɗauka injinsa ne ke yoyo. Alamar da ke raba gardama ita ce sandar awo: idan mai ba ya raguwa ko kaɗan daga juye zuwa juye, da wuya a ce daga injin nan yake fita.

Daga nan sai a duba ɗaya ɓangaren, wato ko ruwa ya shiga mai. Man da ya sha ruwa yakan koma kamar shayi da madara, kuma yakan hau sama da layin cika a kan sanda. Idan mota ta kwana, ana iya sassauta notin ƙasan kaskon mai kaɗan ba tare da an cire shi ba. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka idan akwai shi, shi zai fara ɗigowa. Farin danƙon da ake gani ƙarƙashin murfin zuba mai kuwa ba hujja ba ce shi kaɗai, domin motar da ba ta yin doguwar tafiya, wadda ake kashewa kafin ta yi zafi sosai, takan tara raɓa a wurin, musamman da sanyin hunturu. Amma idan ya tabbata ruwa ya gauraya da man da ke cikin kasko, a daina tayar da motar ko da na minti biyar ne, a jawo ta zuwa gareji, domin irin wannan man ba ya kare karanshaf da metal, wato ƙarafan da yake juyawa a kansu, kuma daga nan ne inji ke bugawa.

Idan launin ya nuna man giya ne, bincike ya taƙaita. A zaro sandar awon giya, a motar da ke da ita, za a ga man ya yi fari-fari yana kumfa. Wannan cutar ta yi ƙaurin suna a motocin Nissan ƙirar Pathfinder da Xterra da Frontier na shekarun 2005 zuwa 2010 masu giyar atomatik, inda bututun da ke cikin lagireto ke tsagewa, har kamfanin ya tsawaita garantin lagireton a Amurka. Na ambace su ne saboda irin waɗannan motoci sun shigo ƙasashenmu a matsayin na hannu, shekaru bayan garantin ya ƙare. A nan injin lafiyarsa lau, giyar ce ke cikin haɗari, domin ruwa yana ɓanɓare fatar faya-fayan kulocin da ke cikinta daga ƙarfen da aka manna ta. Sabon lagireto da wanke giya da sabon mai sau da yawa na iya ceto ta idan an farga da wuri, idan kuwa an yi ta tafiya a haka har ta fara zamewa, sai dai gyaran giya.

Oyil kula ita ce na fi so a tsaya a kanta, domin ita ce ake yawan zalunta da mantuwa. Ƙaramin akwati ne na alminiyum, sau da yawa bai fi dunƙulen hannu biyu ba, galibi a maƙale inda filtar mai take zama, da tiyo biyu na ruwa suna shiga suna fita, ko kuma a ɗaure kai tsaye a jikin bulok. A cikinsa akwai siraran faranti jere, mai na bi ta tsakanin wasu, ruwa na bi ta tsakanin na kusa da su, zafi yana ratsa ƙarfen daga wannan zuwa wancan. Kusan kowane injin dizal na zamani da kowane inji mai tabo (turbo) yana da ita, haka ma injunan fetur da dama na Volkswagen da Opel da sauran motocin Turai. Hanya biyu take lalacewa. Ko dai robobin da ke rufe tsakaninta da inji su bushe su taurare saboda zafi, kamar yadda aka sani a injunan Opel masu lita 1.6 da 1.8 da ke cikin Astra H da Zafira B, da kuma Chevrolet Cruze, inda kular ke zaune dab da bakin salansa mai tsananin zafi. Ko kuma tsatsa ta ci farantin ciki har ta huda shi.

Wannan ta biyun ta fi shafarmu, kuma a nan akwai laifinmu. Ruwan sanyaya na gaskiya, wanda ake sayarwa kore ko ja ko shuɗi, yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, kuma shi ne babban amfaninsa a ƙasar da ba a san ƙanƙara ba. Mu kuwa mun saba cika lagireto da ruwan rijiya ko na burtsatse ko na leda, bisa tunanin cewa ai ruwa ruwa ne. Gishirin da ke cikin irin wannan ruwan yana yin ɓawo a hanyoyin ciki, yana kuma cin alminiyum a hankali, kuma wurin da ya fi siranta shi ke fara ɓulewa. A kan wannan aka ƙara al'adar cire tamostat da zarar mota ta sauka daga Kwatano ko Legas, wai don ƙasarmu da zafi, alhali na'urar tana nan ne domin ta riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 82 zuwa 92 gwargwadon ƙira. A ganina kuɗin galan ɗin ruwan sanyaya bai kai ko kusa da abin da waɗannan al'adu biyu ke jawo wa mai mota ba.

Gwajin kula yana da sauƙi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya san shi. Na taɓa kallon wani dattijon bakanike yana yin sa a kan wata mota da aka riga aka canza wa gasket a wani wuri ba ta warke ba. Ya kwance kular, ya wanke ta da fetur, ya toshe bakin ruwa ɗaya da guntun tiyo da aka cusa wa noti, ya haɗa ɗaya bakin da famfon iska, sannan ya nutsar da ita a bokitin ruwan zafi. An ɗan jima ba a ga komai ba, har mai motar ya fara cewa, "Baba, anya kuwa ita ce?" Dattijon ya ce, "Yi haƙuri ƙarfen ya ɗumama tukuna." Can sai ga siririn layin kumfa yana fitowa daga ramin mai, ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwayoyin carbi. Ruwan zafin da ya yi amfani da shi ba banza ba ne, domin wata tsagar ba ta buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi. Iskar da za a hura kuma ba sai ta yi yawa ba, bar 2 ko 3 ta isa. A injin da kularsa ke da tiyo biyu a waje akwai wata dabarar: a zare tiyon biyu a haɗa su da juna, a tayar da mota, a zuba ido ga bakunan da aka bari a buɗe. Idan mai ya fara tsattsafowa daga cikinsu, magana ta ƙare.

Sai an wanke kula da lagireto daga zargi sannan gasket ke zuwa gaban alƙali, kuma shi yakan zo da shaidu da yawa. Kusan kullum akwai labarin wata rana da mota ta ɗauki zafi, ko fanka ta tsaya a cikin cunkoso, ko tiyo ya fashe a kan hanya aka ci gaba da tafiya. Za a ga ruwa yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba, farin hayaƙi mai kauri yana fita a salansa ko bayan inji ya yi zafi, mota tana girgiza da safe na ɗan lokaci, tiyon sama yana taurara kamar ice mintuna kaɗan bayan an tayar, kumfa kuma tana ta tasowa a wuyan lagireto. Idan aka kwance fulogai, wanda ruwa ke shiga silindarsa yakan fito fes kamar an wanke shi. Akwai wani ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto cikin bututun gilashi, wanda ke komawa rawaya idan iskar wuta ta bi ta cikinsa. Akwai awon matsin silinda, inda bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 ke jawo zargi, musamman idan silinda biyu maƙwabta ne suka faɗi tare. Akwai kuma famfon hannu da ake hura ɓangaren ruwa da shi zuwa adadin da ke kan murfi, a jira a ga ko allurar za ta sauka.

Sai dai waɗannan gwaje-gwaje suna da iyaka da ya kamata a faɗa a fili. Ruwan shuɗi da awon silinda duk suna binciken katangar ɗakin wuta ne. Idan gasket ya ɓule ne tsakanin ramin mai da ramin ruwa kaɗai, ko kan inji ya tsage daga hanyar mai zuwa hanyar ruwa, dukkansu za su nuna lafiya alhali cutar tana nan. A irin wannan hali ana kai wa ga gasket ne ta hanyar kore sauran waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa tsarin binciken yake da muhimmanci: a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a bi da abin da noti huɗu ko biyar ke kwancewa, a bar sauke kai ya zama na ƙarshe.

Idan an sauke kan, aikin bai ƙare da sayen gasket ba. A duba tsohon da kyau a nemo inda ya ɓule, kuma idan ba a ga komai ba, wannan kansa gargaɗi ne cewa wataƙila tsaga ce. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan a auna banƙarewarsa, domin a injuna da yawa masu kan alminiyum abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, abin da ido ba zai taɓa gani ba. A kai shi inda ake gwada tsaga da iska a cikin ruwan zafi kafin a biya kuɗin goge fuskarsa. Wajen mayarwa kuma a ɗaure notuna bisa jerin da adadin da kamfani ya tsara, da sifana mai ma'auni, domin ɗaurin "sai ya yi ƙara" ya kashe sababbin gasket da yawa, kuma a injunan da notunansu ke miƙewa idan an ɗaure su, ba a mayar da tsofaffi.

Ko wace kafa aka toshe, saura wanki, kuma shi ma aiki ne mai zaman kansa. Man da ya lulluɓe cikin lagireto yana hana zafi fita, yana toshe siraran hanyoyinsa, sannan yana cin robar tiyo, wadda aka yi ta domin ruwa ba domin mai ba. Tiyon da ya kumbura ko ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya sai a canza shi, tare da murfin lagireto da tamostat, domin su ma akwai roba a jikinsu. Ana wankewa da maganin da aka yi domin wannan aiki, ko sabulun da ba ya kumfa, a kunna hita domin ruwan ya ratsa ƙaramin lagiretonta, a bar inji ya yi zafi, a bar shi ya huce, a zubar, a maimaita har ruwa ya fito garau. Garin omo da aka saba zubawa yana yin kumfar da ke hana famfon ruwa aiki yadda ya kamata, kuma yana da wuyar ɗaurayewa. Ruwan da aka zubar a tara shi a jarka, kada a bar shi kwance a filin gareji, domin sinadarin da ke cikin ruwan sanyaya yana da zaƙi-zaƙi, yana kuma lalata ƙodar yaro ko dabbar da ta sha.

Bayan duk wannan, ɗan maiƙo zai ci gaba da tasowa a robar ajiyar ruwa na wasu makonni, kuma a nan ne masu mota da yawa ke komawa gareji da faɗa. Hanyar gane gaskiya ita ce a tsotse maiƙon da sirinji duk bayan kwana biyu ko uku, a zuba a gora, a kuma riƙa duba sandar awo a wuri mai daidai kowace safiya. Idan abin da ake tsotsowa yana raguwa, man inji kuma yana tsaye a layinsa, ragowa ce ke fita daga lunguna. Idan yana ƙaruwa, sandar kuma tana sauka, to akwai kafa ta biyu da ba a gano ba, sai a koma kan kula ko kan injin da ba a gwada ba.